Wa Ya Gaji Mai Saiwa?

A kasuwar Gaya yanzu babu layin masu saiwa irin wanda na tashi na tarar. Masu sayar da ganye da sassaƙe suna nan, ba su ƙare ba, amma jerin tsofaffin nan da ke zama a inuwa, kowa da tabarmarsa da ƙulle-ƙullensa, babu kira babu talla, ya watse. Bai watse rana ɗaya ba. Wannan ya rasu, wancan ƙafa ta hana shi fitowa, 'ya'yan wancan kuma sun zaɓi kabu-kabu ko dakon kaya a bakin kogi, domin can ne kuɗi ke motsi. Abin da ya cike gurbin mota ce mai lasifika a ka, bayanta shaƙe da kwalabe, murya tana jero cututtuka ba ko numfashi: basur, sanyi, shawara, hawan jini, suga, daji. Wai kwalba ɗaya ta ishe su duka. Na ƙarshen nan shi ke tsaya mini a rai, domin na san tsohon da ya fi mai lasifikar sanin itace nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa cewa yana maganin daji ba.

Baba mai saiwa muke ce masa. Hanci ke fara gane tabarmarsa kafin ido. Saiwar sanya, wadda wasu ke kira uwar magunguna, in ka kankare ta da farce sai wani ƙamshi mai yaji ya tashi, ya bi ka har gida a ɗan yatsa. Ga sassaƙen maɗaci ja-ja, wanda ɗacinsa ke wuni a harshe. Ga ƙaron hano na zubawa a garwashi, ga ganyen sabara mai toka-toka na masu jego, ga kauci da aka ciro daga kan ɗorawa, ga ɓawon marke na tari. Bai yi lakwal ba, amma in ka miƙa masa guntun itace zai shinshina, ya ɗan ciza, ya faɗa maka sunansa da Hausa da Dandanci da Fulatanci, ya kuma gaya maka ko daga fadama ya fito ko daga tudu. Ba ya tone saiwa ya kewaye bishiya. Gefe ɗaya yake ɗiba, ya mayar da ƙasa ya danne da ƙafa. Ba ya sassaƙe ɓawo ya zagaye gindi, don ya san itacen da aka yi wa zobe sai dai a zo ɗaukar makamashi. Kuma kafin ya kwance ƙulli ɗaya sai ya gajiyar da kai da tambaya.

Ina 'yar ƙarama Inna ta kira shi gidanmu saboda Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Gwaggo ta daɗe tana ɓoye wani ƙullutu a mamanta na hagu, har sai da wurin ya yi tauri, fatar ta canja, kan maman ya shige ciki. Baba ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, Inna tana ciki tana dubawa tana ba shi amsa. Yaushe ya fara? In an taɓa yana motsi ko ya kafe? Akwai kaluluwa a hammata? Da aka ce akwai, ya yi shiru ya ɗan jima, sa'an nan ya ce, "Ɗiyata, ba zan ci kuɗinku a kan ƙarya ba. Wannan ba nawa ba ne. Zan ba ki abin da zai rage zugi ki samu barci, amma ku nemi lokotoro, kada ku kwana biyu." Inna ta ce, "Baba, ai an ce daji ba ya son ƙarfe." Ya ce, "Haka aka ce. Ni dai na ga waɗanda aka hana wa ƙarfe, ban ga wadda ta tashi ba."

Ba a bi maganarsa ba. Manya suka zauna suka yanke cewa allura ko wuƙar likita za ta harzuƙa ciwon ya bazu, aka kira wanzami ya yi sakiya. Na tuna abin da ya biyo baya filla-filla: turaren wuta da ba ya yankewa a ɗakin don ya danne wari, tsummokaran da Inna ke wankewa da asuba kafin mutane su tashi, ruwan bagaruwa a ƙwarya, da yadda Gwaggo ke cewa "da sauƙi" ga duk wanda ya leƙo, alhali zufa na tsattsafo mata don azaba. Ba ta kai kaka ba. Duk wanda zai ce mini zamanin da ya fi na yanzu lafiya, ina roƙonsa ya fara zama a irin wannan ɗaki. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma a cikin tsohuwar hikimar nan tamu akwai kunyar da ta sa mace ta ɓoye ciwo har ya cinye ta, akwai camfin da ya raba ta da tiyata a lokacin da tiyata za ta iya ceton ta. Wannan camfi bai mutu ba, har gobe ana faɗarsa a gidajenmu.

Akwai kuma wani yaro, ɗan ajinmu a firamare, wanda muƙamuƙinsa ya fara kumbura bayan damina. Cikin 'yan makonni haƙoransa suka saki, fuskar ta karkace, ido ɗaya ya turo waje. Aka ce iska ce, aka ce maita, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ya daina zuwa lakwal, daga baya muka ji an kai shi. Sai da na girma na yi karatu na gane cewa alamun nan duka na wani ciwo ne da duniyar likitanci ta riga ta sani tun kafin a haife mu.

A 1958 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ayalan, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago a Kampala, ya wallafa bayanin wannan daji na muƙamuƙin yara, wanda yau ake kira da sunansa. Ya bi diddiginsa a taswira, ya ga ya fi yawa a wurare masu zafi da ruwa, inda zazzaɓin cizon sauro ke da ƙarfi. Gaya kuwa ita ce yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogi, ga fadamu, ga sauro. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairas a cikin naman irin wannan ƙari, ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. A Ibadan, a 1963, an raya ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan shekara 11 a cikin kwalba, kuma zuriyar waɗannan ƙwayoyi, da ake kira Raji, har yau ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin ne kuma Victor Ngu, likita ɗan Kamaru, ya kasance cikin waɗanda suka nuna cewa wannan ƙari mai saurin girma yana narkewa da allurar magani, aikin da ya ba shi rabo a lambar yabo ta Lasker a 1972. Maganin ɗan ajinmu yana nan a maƙwabciyar ƙasa, labarinsa ne bai iso unguwarmu ba.

Abin da ke faruwa a cikin jikin irin wannan yaro sai daga baya aka fahimce shi, kuma shi ne fagen masanan da wannan rubutu ke magana a kansu. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, wato DNA, wanda aka naɗe cikin ƙunshi 46, rabi daga uwa rabi daga uba. A ciki akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin ƙera sinadaran jiki. To in rubutun ɗaya ne, me ya raba ƙwayar hanta da ƙwayar ido? Duk wanda ya yi noman shinkafa a gonakin ban-ruwa na bakin kogi ya san amsar. Ruwan babbar hanya ɗaya ne, amma kowane fegi da ƙofarsa; a buɗe wannan yau, a toshe wancan sai jibi, kuma ƙofar da aka bari a buɗe dare da rana ita ke kashe shuka. Haka ƙwayoyin gado suke, ana buɗe wasu ana rufe wasu, kowace da lokacinta da ma'auninta. François Jacob da Jacques Monod ne suka fara bayyana wannan tsari a 1961 a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, suka samu kyautar Nobel a 1965. Daji yana tasowa ne in tsarin ya lalace: ƙofar da ke cewa "hayayyafa" ta ƙi rufuwa, ko mai tsaron da ke cewa "tsaya" ya mutu.

A dajin Burkitt, a 1982 aka gano takamaiman wurin ɓarnar. Wata ƙwayar gado mai suna MYC, mai tura ƙwayar jiki ta rabu biyu, takan tsinke daga ƙunshi na 8 ta manne galibi a ƙunshi na 14, a gefen wani sashe da ke aiki ba hutu wajen ƙera garkuwar jiki. Daga nan ba ta ƙara rufuwa. Bairas ɗin nan da zazzaɓi mai maimaituwa su ne ke yawaita damar aukuwar wannan kuskure. Shi ya sa gidan sauro da maganin zazzaɓin da ake raba wa yara da damina suke da wani amfani da ba kowa ke lissafa shi ba.

Mai tsaron da aka fi sani sunansa p53, an gano shi a 1979, kuma a kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana tarar da shi a lalace. A nan ne kimiyya ta zo ta gaskata kakanninmu a wani abu, ta kuma kama su a wani. Kakata ba ta kai gyaɗa turmi sai ta baza ta a faifai ta tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yamutse, kuma rumbunmu a kan duwatsu yake, iska na ratsa ƙarƙashinsa. Ba ta san cewa funfunar da ke kama gyaɗa da masara masu danshi tana fitar da wata guba mai suna aflatoksin ba, wadda aka gano bayan da ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila a 1960. A 1991 masu bincike suka nuna cewa wannan guba tana canja harafi ɗaya tak a wuri na 249 na p53 a cikin hanta. Yau buhunan leda muke jibgewa a kan siminti a ɗaki mai raɓa, mu kai inji ba tare da tsincewa ba, don kowa sauri yake yi. Wannan asara ce. Amma askar wanzami ɗaya da ke bin yara da yawa a rana guda, ga kaciya ga tsaga ga cire beli, tana cikin hanyoyin da ciwon hanta nau'in B ke bi, kuma in wannan bairas ta haɗu da waccan guba a hanta ɗaya haɗarin daji yakan ninku sau da yawa. Mazajen da muka gani cikinsu ya kumbura idonsu ya yi ɗorawa suna tsakiyar ƙarfinsu, aka ce sammu ne, da yawansu wannan ne. Nijar ta saka rigakafin wannan ciwon hanta cikin alluran jarirai a 2008. A ganina babu abin da aka yi wa yaran Gaya a fagen yaƙi da daji da ya kai wannan, ko da yake uwayen da ke layi a likita ba su san har da daji ake yi wa tsari ba.

To ina matsayin itace a duk wannan? Yana da matsayi babba, kuma wannan ne ya sa watsewar layin masu saiwa ke damuna. Ɗaya daga cikin alluran da ake yi wa yara masu dajin Burkitt da dajin jini, binkiristin, daga wani fure aka samo ta, ɗan asalin tsibirin Madagaska, irin wanda ake shukawa don ado a ƙofar ofisoshi. Masu maganin gargajiya suna ba da ganyensa don ciwon suga. Da Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a Kanada a shekarun 1950, bai yi abin kirki a kan suga ba, sai suka lura yana rage fararen ƙwayoyin jini, daga nan hanya ta buɗe. Wani maganin, taksol, an ɗebo ɓawon itacensa a Amurka a 1962, ba a amince a fara ba marasa lafiya shi ba sai 1992. Shekara 30 ke nan tsakanin gatari da allura, kuma cikin dubban tsirran da aka gwada a shirin binciken da ya gano shi 'yan ƙalilan ne suka kai ko'ina.

A ƙasar Hausa akwai masu bin wannan doguwar hanya. Wadda na fi bibiyar aikinta ita ce Dakta Mansurah Abdulazeez, masaniyar ƙwayoyin halitta a Cibiyar Binciken Fasahar Halittu ta Jami'ar Bayero da ke Kano. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karanci sinadaran jikin halittu har zuwa digiri na uku, ta kuma yi wani ɓangare na gwaje-gwajenta a Jami'ar Chiang Mai ta ƙasar Tailan. Tsiron da ta daɗe a kansa ba baƙo ba ne, tubanin dawaki ne, ciyawar da mutum zai taka ya wuce. Ta bibiye shi ta fuskar hawan jini, ta kuma bi tambayar ko yana da tasiri a kan ƙwayoyin daji. Zogale ma yana cikin abin da ta duba. A 2018 ta samu gurbi a wani shiri na ƙasar Sifaniya mai tallafa wa mata masana kimiyya na Afirka, a 2019 kuma asusun TETFund na Nijeriya ya ba ta tallafin bincike na naira miliyan 31, mujallar Nature ta yi hira da ita a kan aikin.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan aiki yake, don ya auna shi da abin da ake faɗa a kasuwa. Za a ciro tsiro, a matse samfurinsa a ajiye da lamba, don kada gobe a yi gardamar wane ne aka gwada. A shanya a inuwa, a niƙa, a jiƙa, a tace, a ƙafe ruwan. Sa'an nan a ɗiga abin da ya rage a kan ƙwayoyin daji da ake kiwo a wani faranti mai ƙananan ramuka 96, a cikin akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. In wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, aikin watanni ya tafi. In ƙwayoyin sun mutu, ba a yi murna ba tukuna, domin guba ma tana kashe su; sai an ga ko ya bar lafiyayyun ƙwayoyi. Sai a rarraba jiƙon kashi-kashi a nemo wane sinadari ne cikin ɗaruruwa yake aikin. Sai a koma kan ƙwayoyin gado a auna wacce ta buɗe wacce ta rufe, ko p53 ya farka, ko umarnin da ke sa lalatacciyar ƙwaya ta kashe kanta ya tashi. Bayan nan ɓeraye, bayan ɓeraye mutane, mataki uku, kowane mataki da shekarunsa. Mafi yawan abin da ya yi kyau a faranti a hanya yake faɗuwa. Mai wannan sana'a tana iya ƙare rayuwarta ba ta ga kwalbar magani ɗaya da ta fito daga hannunta ba, sai dai ta bar wa na baya sani tabbatacce cewa wannan hanya tana ɓullewa, waccan ba ta ɓullewa.

Shi ya sa nake ganin magajin Baba mai saiwa na gaskiya yana ɗakin bincike, ko da yake mai lasifika ne ya gaji wurin zamansa da kayansa. Abin da ya sa Baba ya zama abin dogaro ba yawan saiwoyinsa ba ne kawai, sanin iyakarsa ne. Takardun masu bincike irin Dakta Mansurah ma da haka suke ƙarewa: an ga tasiri a faranti, a wannan ma'auni, ana buƙatar ƙarin gwaji. Abin takaicin shi ne wannan magana mai taka-tsantsan ba ta isowa gare mu yadda take. Kafin ta zo WhatsApp an yanke mata wutsiya, ta koma "masana sun tabbatar zogale na warkar da daji". Zogale abinci ne mai kyau, muna cin kwaɗonsa tun muna yara, amma matar da ta ji ƙullutu ta zauna tana shan ruwansa wata shida ta yi asarar watannin da suka fi kowane magani tsada. A zamanin Gwaggo tsoho ɗaya ne ya faɗi gaskiya aka ƙi ji. Yanzu masu alkawarin ƙarya sun fi yawa, sun fi ƙara, kuma suna aron bakin kimiyya su ci albasa.

Duk da haka, 'yar Gwaggo ko jikarta tana da abin da ita ba ta samu ba. Tun 1992 ake rubuta masu ciwon daji a wata rajista a Yamai, kuma daga ita muka san cewa dajin mama da na bakin mahaifa da na hanta suna sahun gaba a ƙasar nan. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ta samu na'urar gashi ta farko a Nijar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ƙasar da ke haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 ta jira shekara 50 kafin wannan fasaha ta yi wa marasa lafiyarta aiki a gida. Kafin nan sai mai hali ko mai hanya ke fita waje. A tsallaken Kamba, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kwashe shekaru tana jan matan Kebbi zuwa gwajin mama da na mahaifa, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, karo na farko da wani daga Afirka ya samu wannan. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin bairas ɗin da ke jawo dajin bakin mahaifa a watan Oktoba na 2023. Wannan bairas ma p53 take lalatawa, wato binciken da ake gani kamar na masu farar riga ne kawai shi ne ya dawo ya zama allura a dantsen yarinya.

Amma daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, ta Doso. Sai an yanki ɗan nama an kai gwaji, a jira sakamako, a nemi kuɗin mota da masauki da na mai jinya, a sayar da akuya, wani lokaci a jinginar da gona. Da aka toshe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano suka tsaya, magani na ciki, mutane suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. Iyalin da suka auna duk wannan suka koma ga kwalbar kasuwa ba wawaye ba ne, talauci ne ya yi musu lissafi. Ba na iya zarginsu, sai dai ina zargin wanda ya san kwalbarsa ba ta yi, ya karɓi kuɗin.

Akwai kuma asarar da ba ta da gyara in ta cika. Dajin da tsofaffin nan ke shiga yana ja da baya. Gona ta ci, gawayi ya ci, masu tonon saiwa don cika buhu sun ci, ba sa mayar da ƙasa, ba sa barin gefe ɗaya. Ko giginyar Dallol Mauri, da take abin alfaharinmu, sai da aka tashi tsaye da dokoki da kwamitocin ƙauyuka kafin ta samu sauƙin gatari, balle ƙananan itatuwan da ba wanda ke ƙirga su. Sanin ma haka yake tafiya. Abin da ke kan Baba ba a rubuce yake ba, kuma bai samu ɗan da ya zauna gabansa ba. Wataƙila kashi tara cikin goma na abin da ya sani ba zai tsallake gwajin faranti ba, ban damu da in yarda da haka ba. Amma mai bincike ba ta iya gwada kowace ciyawa a daji. Tana buƙatar wanda zai ce mata fara da wannan, ga ɓangaren da ake ɗiba, ga lokacinsa, ga abin da na gani ya yi, ga inda ya cutar. In itacen ya ƙare kuma mai nuna shi ya rasu, na'ura komai tsadarta ba ta da abin aunawa.

Kuma in za a karɓi wannan sani, a karɓe shi da adalci. Madagaska ba ta ga wani abin a zo a gani ba daga ribar da furenta ya jawo wa kamfanonin magani. Irin wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a Japan a 2010, wadda ta ce a nemi izinin masu tsiro da masu sani, a kuma raba amfani da su. Takarda ce mai kyau, amma ba ta aiki sai in an rubuta tun farko cewa wannan bayani daga wane ya fito, a wane ƙauye. Akwai sauran tsofaffi a Tanda da Bengu da Yelu da Tunuga, maza da mata, har da ungozomomi da Fulani makiyaya, waɗanda suka san abin da ba ya cikin kowane littafi. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, musamman 'ya'yan yankin da ke jin Dandanci da Hausa, su ne suka fi dacewa su zauna gabansu, su gaishe su yadda ya kamata, su rubuta har da abin da tsohon ya ce ya gwada bai yi ba. Wannan matakin na farko ba ya buƙatar wutar lantarki ko injin sanyi, abin da yake buƙata littafi ne, da katakon matse ganye, da goron gaisuwa, da kuɗin mota daga Yamai.